Ina son rubuta wasiyya amma ban san ta inda zan fara ba, masana a taimaka

Ɗan_Kwari82 ya rubuta:

Slm 'yan uwa. Dan Allah malamai da lauyoyin gidan nan shawara nake nema. Ina so in rubuta wasiyya ne, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce haba Alhaji ai Allah ya riga ya raba gado me kuma za ka rubuta, wani ma tambayata ya yi ko ciwo nake ɓoyewa. Lafiyata ƙalau alhamdulillah. Wani maƙwabcinmu ne a layi ya rasu, har yau shagonsa a rufe da kwaɗo biyu, na 'ya'yansa da na ƙaninsa, kaya na ciki yayinsu na wucewa kuɗin haya kuma na tafiya, shi ne abin ya tsaya min a rai.

Ga yadda nake. Mata biyu, 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu, babban yana jami'a autar ko yaye ta ba a yi ba. Hajiyarmu tana raye, mahaifinmu ya rasu. Akwai kuma marayun yayana su biyu da suke hannuna tun suna ƙanana, ba na bambanta su da nawa. Shagon da nake ciki ni da ƙanina ne, jarin ya cakuɗe tun tuni, babu wata takarda tsakaninmu, kowa in yana da buƙata ɗauka yake a rubuta a littafi, wani lokacin ma ba a rubutawa. Gidan da muke ciki kuma lokacin da ginin ya tsaya uwargida ce ta sayar da gwala-gwalanta aka yi rufi da filasta, to ina so in bar mata gidan ko a ƙalla ɓangarenta. Sannan a banki sunan ƙanin nawa na sa a matsayin nes-of-kin, wato makusancin da ake rubutawa a fom, tun kafin in yi aure, an ce min wai in na mutu shi za a ba kuɗin, gaskiya ne? Wace takarda da wace takarda ya kamata in tanada, kuma wajen malami zan je ko wajen lauya?

Almajirin_Zaure ya rubuta:

Wslm Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Masu ce maka Allah ya riga ya raba gado gaskiya suka faɗa, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12 da 176, ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Amma ka duba shari'o'in gadon da suke daɗewa a kotu, da wuya ka ga ana musu a kan nawa ne tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) ko sudusi (kashi ɗaya cikin shida), wannan kowane alƙali a zaune zai lissafa. Rigimar kullum ita ce wane abu ne na mamacin wane ne ba nasa ba, wa yake bi wa ke binsa. Wannan kuwa ba wanda ya sani sai kai, in ka tafi da shi a ciki shi ke nan. Shi ya sa hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim ya ce bai kamata musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, Baƙara 282, a kan rubuta bashi take.

Tsarin shi ne a fara cire kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bn Abi Waƙƙas, ya ce masa sulusin ma da yawa. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya, sai dai in sauran magada sun amince bayan rasuwar.

To marayun yayanka su ne ma suka fi buƙatar rubutun nan. Tunda kana da 'ya'ya maza, ba su da ko kwabo a gadonka, komai daɗewarsu a gidanka, ko da Baba suke ce maka. Hanyarsu ɗaya ce, ka yi musu wasiyya cikin sulusi, ko ka ba su kyauta tun yanzu. Misali a ce bayan an biya bashi dukiyarka ta kama miliyan 30, ka yi wa marayun wasiyyar miliyan 6, bai kai sulusi ba tunda sulusin miliyan 10 ne. Saura 24. Matanka biyu su raba tumuni, miliyan 3, kowacce ɗaya da rabi. Hajiya sudusi, miliyan 4. Saura 17 na yara, namiji miliyan 3.4 mace 1.7. Ƙaninka ba ya ciki sam, rabonsa na shago ne kawai, in an san nawa ne.

Batun gida kuma a kula sosai. Ba za ka rubuta "in na mutu gidan na uwargida ne" ba, wannan wasiyya ce ga magajiya. Kyauta tun kana raye ta halatta, amma a Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, kuma malamanmu sun yi maganar wannan mas'alar taka ƙarara, miji ya ba matarsa gidan da yake zaune a ciki ya ci gaba da zama har ya mutu, ba a ɗaukarsa an karɓa, gidan komawa yake gado. Ga kuma amarya da za ta ce ita fa. Abin da ya fi sauƙi kuma ba zalunci a ciki, ku zauna da uwargida ku tantance kuɗin gwal ɗin nan, rance ta ba ka ko shiga ta yi cikin mallakar gidan. In rance ne a rubuta bashi ne, za a cire mata kafin kowa ya taɓa komai. In tarayya ce a rubuta kasonta na gidan. Haƙƙinta ne dama, ba alfarma ba. Wallahu a'alam.

Maman_Hanifa ta rubuta:

Alhaji dan girman Allah ka rubuta, kar ka saurari masu hana ka. Ni abin ya faru a kaina, maigidana ma'aikacin gwamnati ne yana ɗan taɓa harkar filaye a gefe, hatsarin mota ne, da safe ya fita lafiya. Mutumin kirki wlh amma irin mazan nan ne da ba sa faɗa wa mace komai, in ka tambaya ya ce ke dai ki yi addu'a.

A wajen jana'iza liman ya tambaya wa zai ɗauki nauyin bashinsa, wansa ya ce shi, to tun kafin sadakar uku mutane suka fara zuwa, wannan ya ce dubu ɗari biyu, wancan ya ce kuɗin fili ya ba shi bai kai ga ba shi takarda ba, ba mu da yadda za mu gane mai gaskiya. Waɗanda shi yake bi kuwa mutum ɗaya ne tak ya zo da kansa ya kawo, Allah ya saka masa. Wayarsa tana hannuna a kulle, ina jin saƙo na shigowa ba na iya buɗewa, ina takaba ba na fita yawo, kafin a farga layin ya daina aiki, kuma duk alat ɗin banki da lambobin mutanen da yake harka da su a nan suke. A cikin jakarsa muka sami takardun fili guda uku, ɗaya da sunan wani abokinsa, abokin ya ce nasa ne ajiya ya ba shi, mu kuma mun sha jin marigayin yana cewa "filina na bayan gari". Har yau Allah kaɗai ya san gaskiya, an bar masa.

Maganar nes-of-kin kuma ni aka rubuta a wajen aikinsa, na ɗauka zuwa kawai zan yi in sa hannu. Ashe ba haka ba ne, kamfanin fanshon suka ce sai takardar shaidar mutuwa da takardar kotu da ta nuna su waye magada da wanda aka wakilta ya karɓa, bankin ma haka. Kuɗin da suka fito kotu aka kai aka raba da kowa har mahaifiyarsa. To ƙaninka ba zai ci kuɗin ba don sunansa na fom, amma ka canza ko don a san wanda za a kira.

Abu ɗaya da maza ba sa tunawa, ka rubuta abin da yake na matanka a cikin gidan. Firij ɗina da na saya da kuɗin adashi da keken ɗinkina sai da aka sa su a lissafin kayan gado, da ƙyar da rantsuwa aka cire, ina cikin takaba ana ɗaga min katifa ana ƙirga kaya. Dangin miji ba mugaye ba ne, ba su sani ba ne kawai, shi kuma wanda ya sani yana ƙasa.

Na_Dawanau ya rubuta:

Ni fa ban yarda da wannan tone-tonen ba. Iyayenmu da kakanninmu wace takarda suka rubuta, ba ga shi an raba an zauna lafiya ba. Yau ka rubuta duk abin da ka mallaka gobe takardar ta faɗa hannun yaro ya daina zuwa kasuwa ya zauna jiran ka mutu, ko matan su fara lissafi a kanka. Kuma in dangi marasa tsoron Allah ne ko takarda ɗari ka bari sai sun ce ta jabu ce. Tarbiyya ita ce magani Alhaji.

Maman_Hanifa ta rubuta:

Baba Na_Dawanau, kakanninmu gona ce da shanu da rumbu, duk gari an san na wane ne, dagaci ma ya sani. Yanzu dukiyar mutum tana cikin waya da fin mai lamba huɗu. Kuma ba wanda ya ce a manna takardar a bangon falo.

Barista_Zazzau ya rubuta:

Alhaji amsar tambayarka ta ƙarshe, wajen duka biyun za ka je, malami ya duba ba ka saɓa wa shari'a ba, lauya ya duba takardar za ta tsaya a kotu. Abin da malam ya faɗa a sama daidai ne, bari in ƙara ɓangarenmu.

Wasu suna ɗauka in suka je wajen lauya aka buga musu wasiyya irin ta Turawa za su iya raba dukiya yadda suka ga dama. Asalin wannan tunanin shari'ar Adesubokan da Yunusa ce ta 1971, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani musulmi da aka yi a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 duk da ta saɓa wa rabon musulunci. Bayan nan jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin suka toshe wannan ƙofar ga musulmi, har a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da rushe wasiyyar wani musulmi a shari'ar Ajibaiye daga Kwara saboda wannan dalilin. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuma ya sa maganar wasiyya da kyauta da waƙafi da gadon musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. To kar wani ya ci kuɗinka ya rubuta maka abin da za a yaga.

Ita wasiyyar kanta ba sai da dogon Turanci ba, da Hausa ma ta yi. Cikakken sunanka, kwanan wata, cewa kana cikin hankalinka ba wanda ya tilasta ka, abin da ka bar wa marayun, wanda ka naɗa wasiyyi wato mai zartar da wasiyyar, da cewa sauran a raba bisa shari'ar musulunci. Ka sa hannu a gaban shaidu biyu maza adilai a zama ɗaya su ma su sa, kuma kar ka sa wanda zai amfana da ita ko magaji cikin shaidun. Ka nemi waɗanda ba su girme ka sosai ba, an sha zuwa neman shaida a tarar ya riga mai wasiyyar tafiya. Kwafi ɗaya wajen lauya, ɗaya wajen wasiyyin, ana kuma iya ajiyewa a rufe a rajistarar Babbar Kotu. Wannan ya amsa tsoron Baba Na_Dawanau, yara ba sai sun san abin da ke ciki ba, su dai san akwai ta da inda take. Duk ranar da ka so kana iya canzawa.

Amma ni a wurina takardar da ta fi wasiyyar aiki ita ce jerin dukiya da bashi, kuma ita ce ba ta buƙatar lauya ko kaɗan, littafi ne ɗan ɗari biyar. Kowane asusu da sunan banki, har su OPay da Moniepoint na shago, kowane fili da inda yake da inda takardarsa take da sunan da ke kanta, shanun da ka ba da kiwo da wanda suke hannunsa, gonar jingina, adashi, kayan da ka karɓa bashi daga dila, kwastomomin ƙauye da suka ɗauki kaya, da ajiyar mutane da ke hannunka, wannan na ƙarshen ka rubuta shi da manyan baƙi don kar 'ya'yanka su ci haram ba su sani ba. In akwai ragowar sadaki shi ma bashi ne. In kana cikin waɗanda suka sayi hannun jarin bankuna wajen 2005 zuwa 2008 ka nemo satifiket ɗin, mutane da yawa sun mutu magada ba su ma san da su ba, kuma tun dokar kuɗi ta 2020 ribar da ta shekara 6 ba a karɓa ba ana mayar da ita wani asusun amana na gwamnati, ana iya nema daga baya amma sai wanda ya san akwai. Duk shekara in ka zo fitar da zakka ka sabunta littafin, dama lissafin kake yi.

Fin da fasiwod kar ka sa su a wasiyya, ka rufe su a ambulan daban. Amfaninsu a buɗe waya a ga me ke akwai, ba a je a kwashe kuɗi ba, cire kuɗi daga asusun mamaci ba izinin kotu laifi ne ko da ɗansa ne, kuma nan ake fara zargin juna.

Filaye su ne ciwon kai. Yawancin mutanenmu takardar ciniki ce kawai a hannunsu mai sa hannun mai unguwa, satifiket ɗin filin na gwamnati yana ɗauke da sunan mutumin da ya sayar wa wanda ya sayar maka. Dokar filaye ta 1978 ta ce canjin mallakar fili mai satifiket sai da amincewar gwamna, to ka daure ka je KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, tunda a Kano kake ka mayar da su sunanka tun masu sayarwar suna raye. Kyauta ma in za ka yi, ga marayun ko wani, a yi takardar kyauta, a canza suna, a damƙa masa, in gidan haya ne shi ya fara karɓar haya. Wani abu kuma, takardar wakilci da mutum ke ba wani ya kula masa da harka tana amfani in ciwo ya kwantar da kai ko ka yi doguwar tafiya, amma irin wadda aka saba bayarwa da ka rasu ta mutu, wakilin ba shi da sauran iko.

Ga ma'aikatan da ke karantawa, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wajen aiki inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara, ban da abin da ke asusun fansho. Ku faɗa wa iyalanku sunan kamfanin fanshonku da lambarku.

Ɗan_Kwari82 ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Maman Hanifa Allah ya jiƙan maigida ya raya marayu. Barista abin da ya rage min shagon ne, wlh nauyin ƙanin nan nake ji, ni na riƙe shi tun yana firamare, in na ce mu rubuta zai ga kamar na daina yarda da shi ne ko matana ne suka zuga ni. Kuma shi nake tunanin sa wa wasiyyi, ya dace?

Barista_Zazzau ya rubuta:

Ka juya maganar Alhaji. Shi ma yana da iyali ko? In shi ya riga ka tafiya, matarsa da 'ya'yansa da me za su nuna yana da kaso a shagon da kowa a kasuwa yake kira da sunanka? Ta nan za ka shigo masa, kare nasa yaran kake yi, kuma gaskiya ce. Ka sa Hajiya a maganar tun tana raye, in ta ce ku rubuta ba mai cewa zugar mata ce. Ku rufe shago yini ɗaya ku ƙirga kaya a kan kuɗin sari, ku haɗa da na banki da bashin da kuke bi, ku cire wanda ake binku, ku amince kaso nawa ne na kowa, rabi da rabi ko biyu da ɗaya, ku rubuta da shaidu biyu daga cikin dattawan layinku. Ku sa har da sunan wanda ke kan takardar shagon, da abin da za a yi in ɗaya ya rasu, wanda ke raye zai sayi kason mamacin ya biya a hankali cikin wata kaza ne, ko za a ci gaba da juyawa ana ba magada riba.

Wasiyyi kuma ban ba ka shawarar shi kaɗai ba, ba don ba shi da amana ba. Shi ne abokin tarayyarka, ranar rabo shi zai faɗi nawa ne naka a shagon kuma shi zai saya, ko waliyyi ne sai an zarge shi, ka jefa shi cikin bakin mutane. Ka haɗa shi da wani wanda ba shi da komai a dukiyar, limaminku ko wani amininka da matanka biyu duk suka yarda da shi, ka tambaye su tukuna ko sun karɓa kafin ka sa sunansu. Ka kuma fayyace wa zai riƙe kason ƙananan yaran har su yi hankali da yadda za a riƙa fitar da kuɗin makaranta da na abinci, tunda autar taka da sauranta sosai.